Wa Ke Taɓa Kejin Ɓerayen Auta?

Ranar da Auta ta fara ganinsa, tsugune yake gaban kejin ɓerayenta yana musu magana kamar mai rarrashin jariri. Sabon mai kula da ɗakin dabbobin bincike ne.

"Ke ce uwarsu?" ya tambaya.

"Ni ce mai binciken," ta ce tana harararsa.

"To sannu, Uwar Ɓeraye."

Sunan kuwa ya bi ta. Ita ma ta rama, ta laƙaba masa Malam Tausayi.

Ɓeraye ashirin ta raba gida biyu. Goma an bar su suna ci suna barci. Sauran goman, kullum da safe sai ta karkata musu keji ta jiƙa shimfiɗarsu, don su zauna cikin damuwa. Hanta ce rumbun sukarin jiki, kuma so take ta nuna cewa in damuwa ta daɗe, hanta kan yi ta zuba sukari cikin jini ko babu yunwa. Mako shida aikin ke ci, digirinta kacokan a kansa ya rataya. Ba ta faɗa wa kowa dabararta ba, ko takarda ba ta manna a kejin ba, don tsoron Dogo, ɗan ajinsu da ya nemi soyayyarta ta ƙi.

Saƙon Malam Tausayi kuwa kullum sai ya shigo wayarta: "Uwar Ɓeraye, 'ya'yanki sun ci sun ƙoshi. Ke fa, sanyin idona, kin ci?"

Tun tana basarwa har ta koma jiran ƙarar wayar. Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen mahaifinta Abba, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Mutane na ɗana wa ɓera tarko, shi yana ba shi abinci? Wannan zan ba 'yata?"

Mako na shida ta auna jinin. Ɓerayen damuwa sun yi ɓul-ɓul, sukarinsu daidai da na 'yan hutu. Lallai da hannun wani. Mabuɗin ɗakin kuma mutum uku ke da shi: ita, Dogo, da Malam Tausayi. Sai ta tuna sau nawa ta hango su biyun a baranda suna ƙus-ƙus, da ta matso su yi shiru.

"Namiji ba ɗan goyo ba ne," in ji Yayarta. "Wa ya sani ko Dogon ne ya turo miki shi?"

Auta ta daina amsa wayar Malam Tausayi. Saƙo ya shigo: "Kwana uku shiru, abar ƙaunata. In laifi na yi, a faɗa mini." Ta karanta ta taɓe baki, amma ranta ya yi ciwo, don wallahi tana sonsa.

Washegari ta karkata kejin, ta laɓe bayan buhunan abincin dabbobi. Can sai ga Malam Tausayi. Ya waiga hagu da dama, ya daidaita kejin, ya zuba busasshiyar shimfiɗa.

"Ku yi haƙuri, 'yan ƙanana. Mugun da ke muku haka, ya kusa shiga hannu."

"Ni ce muguwar," ta ce tana fitowa. "Sau nawa Dogo ya roƙe ka kafin ka yarda?"

Ya juyo da sauri. "Ke? Ai na zaci shi ke ɓata miki aiki don kin ƙi shi. Shi ya sa nake jansa da hira, ko zai saki baki. Ban faɗa miki ba don kada hankalinki ya tashi."

Ta zauna kan buhu ta fashe da kuka. Mako shida sun bi ruwa.

Bai tsaya rarrashi ba, ofishin Farfesa mai duba aikinta ya nufa, ya ce laifinsa ne, in kora ce a kore shi. Yana cikin magana ta faɗo ta ce ƙarya ne, ita ce ta ɓoye abin da ya kamata ta rubuta. Farfesa ya dube su ta saman tabarau, ya ba ta wasu makonni shida.

A karo na biyu, Malam Tausayi hannu a aljihu yake wuce karkatattun kejin, yana kau da kai. Sukari ya hau yadda ta zata, digiri ya samu. Abba ma da ya ji yadda yaron ya kai kansa gaban hukunci, ya ce a turo manya.

Ranar ɗaurin aure Abba ya zaunar da su a falonsa.

"Ke kina da zargi, kai kana da shisshigi, kuma dukanku kun iya shiru. Daga yau, kafin ki zarga ki tambaya, kafin ka gyara ka tambaya. Allah ya yi muku albarka."

Auta ta sunkuyar da kai cikin mayafi tana hawaye, ta ce amin a hankali.