Kwalba Ta Goma Sha Uku

"Wa ya wanke su?!"

Auta ta juyo daga bakin famfo, kumfa har gwiwar hannu. Kwalabe goma sha biyu na kife a kan katako, sai ƙyalli suke.

"Ni ce, Malam... a kan keken wanki na same su."

"Innalillahi! Shekara uku! Aikin shekara uku kika zuba a kwata!"

Ƙa'idar ɗakin binciken kowa ya san ta. Abin da ke kan keke a wanke, mai jan ƙyalle a wuya kada a taɓa. Waɗannan kuwa babu mai ƙyalle ko ɗaya.

Dakta, abokiyar aikinsa da ta daɗe tana masa kwalliya bai kula ba, tana jingine da ƙofa tana duba farcenta.

"Ai sai haƙuri," ta ce. "Gansakuka ta gani, ta ɗauka datti ne."

Auta ta fi kowa sanin ba datti ba ne. Shi da kansa ya taɓa zaunar da ita gaban na'urar ganin ƙananan halittu, ya nuna mata ƙwayoyin a jere kamar carbi.

"Kin ga wannan mai kaurin, hasken raina? Ita ke samo abinci daga iska ta miƙa wa 'yan uwanta. Abin da ya zube a ruwa, suna da ƙofar da suke tsotse shi su mayar. Nawa irin na toshe masa ƙofar. Abin da ya fita, ya fita ke nan."

Yau ko kallonta bai yi ba.

"Yayata ta gaya min, na ƙi ji," ya ce a gaban kowa. "Mai wanki, wanki kawai ta sani."

Ta cire safar hannu, ta ninke, ta ajiye. Sai a mota hawayen suka zo.

Umma na guga Auta ta shigo gida.

"Lafiya da rana tsaka?"

Ta faɗa mata komai. Umma ba ta ɗago ba, sai ta nuna taga da haɓa.

Kwalba ce ƙarama a kan tagar, koriya shar. Ranar da ya ce yana sonta ya ɗebar mata daga irin nasa. Wata takwas tana sauya mata ruwa yadda ya koya mata, Umma na tsiya: "Wasu turare ake kawo musu, ke ruwan kwata!"

"Ita kaɗai ta rage a duniya, Umma."

"To, je ki yi alwala tukuna."

Kwana uku sai ga shi a ƙofar gida, ya rame, rigar ma a karkace.

"Na ga ƙyallayen a aljihun teburin Dakta... duka sha biyun. Ki yafe min, hasken raina! Na gaya wa Yaya, ko ta so ko ta ƙi..."

Umma ta leƙo daga labule.

"Ki ba bawan Allah kayansa, kada ki riƙe guminsa. Sauran kuma tsakaninki da zuciyarki."

Auta ta shiga ta fito riƙe da kwalbar hannu biyu. Yana ganin koren nan idonsa ya rabu da fuskarta. Ya ɗaga ta a rana, yana girgizawa a hankali.

"Tana da rai! Wallahi tana da rai!"

Ta tsaya tana kallonsa har ya tuna da ita.

"Za ki dawo, ko? Don Allah..."

"Na yafe maka, Malam, duniya da lahira."

"To ki dawo!"

"Kai ka koya min. Abin da ya fita, ya fita ke nan."

Ta zare jan ƙyallen da ta ɗaure gashinta da shi, ta ɗaura a wuyan kwalbar, ta ja sosai.

"Don wadda za ta zo bayana," ta ce, ta tura ƙofa.