Muryar da Ta Shigo Ramin Dutse

Tun ranar da aka buɗe hanyar motar nan da ta huda dutse, manya ke alkawarin jan wayar da za ta kai rediyo ciki. Sun ci, sun sha, sun watse. Har yau in ka shiga, rediyo sai shuuu.

A daren nan Efraín yana tuƙi a tsakiyar ramin, 'yarsa Yuliana kwance a kujerar baya, asma ta shaƙe ta, sai motoci suka tsaya cak. Hayaƙi ya taso da ƙaurin taya. Gaba wutar take ko baya? Babu mai faɗa.

"Baba, ƙirjina."

"Ja numfashi a hankali, uwata." Ya dinga murɗa rediyon yana dukansa. "Ku yi magana mana, matsiyata!"

Sai ga muryar wani dattijo, tangaran: "Efraín, bar makulli a jiki. Ɗauki yarinyar ka koma baya, ƙofar tsira tana damanka."

Bai tsaya tambaya ba. Ya sungume ta, ya bi bango da lalube har iska mai sanyi ta bugi fuskarsa. Wani ma'aikaci mai hular kwano ya riƙe masa ƙofa.

"Allah ya saka, maigida. Kai ne a rediyo?"

"Wuce da ita, ɗana."

Yuliana ta ja dogon numfashi. Efraín ya waiga. Sai ya tuna mutumin bai motsa leɓe ba da ya yi magana, kuma ga hayaƙi na ratsa ƙirjinsa yana fita ta bayansa kamar babu kowa a wurin.