An Ajiye wa Cyril Kujera a Pennicot

Sun kusa hawa babban titi ke nan tsohon ya fara laluben aljihunsa.

"Littafina," ya ce. "Glenda, na bar littafina a cocin Pennicot."

Glenda ta dubi agogon mota. Huɗu saura kwata. A ƙasar nan, a ƙarshen Disamba, war haka rana ta fara sallama.

"Baba, sau nawa na tambaye ka kafin mu taso? Sau uku. Hula, magani, littafi. Ka ce mini duk suna nan."

"To ba ya nan."

"Sai mu yi waya gobe su ajiye mana."

"Gobe sun rufe. Sai baɗi kuma. Ke a ganinki zan kai baɗi?"

Da wannan maganar yake kayar da ita kullum. Ta ja tsaki, ta juya motar a bakin wata gona har taya ta watsa taɓo.

Lokacin yaƙin duniya na biyu sojoji suka karɓi ƙauyen Pennicot don koyon harbi. Aka ce wa mutanensa su ɗan gusa, da an gama yaƙi su dawo. Aka gama yaƙi, ba a mayar da kowa ba. Yanzu kwana uku kacal ake buɗe hanyar a shekara, bayan Kirsimeti. Cyril Purchase yana ɗan shekara bakwai aka ɗora shi a babbar mota tare da katifunsu. Yau shekarunsa tamanin da shida, kuma cikin waɗanda aka haifa a can shi kaɗai ya rage.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun rasuwar mahaifiyarta, Glenda take fama da shi. Ta wuni a tsaye a kicin ɗin makarantar firamare, ta dawo gida ta tarar da Pennicot na jiranta. Ta dafa dankali, ya ce bai kai na Pennicot ba. Ta sayo burodi, ya shinshina ya ture. Ko ruwan sama aka yi, sai ya ce na can ya fi daɗin sauka. Littafin da ya rubuta kan ƙauyen kuwa shi ne ransa: gidaje talatin da ɗaya, da sunan kowa, da wanda ke da alade, da wanda ke ƙira, da wadda ke karɓar haihuwa. Shekara shida ƙungiyar tarihin gundumar tana cewa za ta buga shi. Har yau shiru.

A bakin shingen waya suka iske mai gadi, Mista Hallett, yana jan ƙyaure.

"Haba madam, yanzu fa na sallame ku."

"Littafi ya manta. Don Allah ka taimake ni, in ba haka ba ni da barci sai bikin Easter."

Hallett ya leƙa ya ga tsohon, ya girgiza kai. "Minti goma. Kada ku sauka daga kan hanya, akwai bama-baman da ba su fashe ba a cikin ciyawar nan. In kin ji na danna odar mota, ki fito kawai. Ni kaina ba na kai duhu a ciki."

Hanyar ta gangara cikin kwari. Hazo ya fara tashi daga rafi. Kangayen gidaje na jere hagu da dama, babu rufi, babu ƙofofi, ƙaya ta fito ta tagogi. Ɗazu wurin cike yake da masu ɗaukar hoto da karnukansu. Yanzu ko mota ɗaya babu.

Ta tsaya a gaban coci. Shi kaɗai ne ginin da ke da rufi.

"Ka zauna nan. Kada ka taɓa ƙofa."

"Ina za ni da waɗannan ƙafafun?"

Gaskiya ya faɗa. Daga gado zuwa banɗaki ma sai da ƙarfen dogarawa, shi kuwa yana kwance a bayan mota.

Cikin cocin sanyi ne da warin tsohon katako. Ta kunna fitilar waya, ta bi benci-benci tana ƙunƙuni. Mace mai shekara hamsin da bakwai, ranar hutunta, tana rarrafe a ƙarƙashin benci. Ta sami littafin a layi na huɗu. Ta cusa shi a aljihun kwat, ta fito.

Ƙofar motar a buɗe take. Kujerar babu kowa.

Ta leƙa baya. Ƙarfen dogarawar na nan inda ta ajiye shi.

"Baba!"

Muryarta ba ta je ko'ina ba. Hazon ya haɗiye ta. Sai a lokacin ta lura hankakin da suka wuni suna surutu a kan itatuwa duk sun yi tsit.

Ta ji ƙamshi. Hayaƙin kwal ne, irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya. A bayansa kuma ƙamshin burodi, sabon fitowa daga tanda.

Daga tsakiyar ƙauye wani abu ya yi ƙara. Ƙiii, ƙwam. Ƙiii, ƙwam. Famfon tuƙa-tuƙa. Ɗazu da rana Glenda ta jingina da shi, tsatsa ta daskarar da hannunsa. Yanzu ga shi ana tuƙawa, har tana jin zubar ruwa cikin bokiti.

Can ƙasan layi ta hango mutum yana tafiya. Bayansa a miƙe, hannayensa na lilo. Hular babanta ce a kansa.

Ta bi shi da gudu. Tana wuce gida na farko ta ga haske a taga, ja-ja, irin na fitilar kananzir. Gida na biyu ma haka. Ta ɗaga kai. Babu rufi, sararin sama ne a buɗe. Amma hayaƙi na fita daga inda bututun hayaƙi ya kamata ya kasance.

Wani ya yi tari a bayan bango. Wani wuri cokali ya bugi kofi.

Ta cim masa a gida na ƙarshe kafin rafi. Gidansu ne. Kowace shekara sai ya tsayar da ita a nan ya nuna mata inda murhu yake da inda gadonsa yake, ita kuwa ba ta ganin komai sai tarin duwatsu.

Yau akwai ƙofa. A buɗe take.

"Baba," ta ce a hankali. "Zo mu tafi."

Bai waiwayo ba. "Ba ki ji ana kirana ba?"

Ta ji. Muryar mace ce, mai taushi.

"Cyril. Shayi zai huce. Shigo ka wanke hannu."

Glenda ta leƙa ta saman kafaɗarsa. Dogon tebur. Mutane a zaune, sun fi ƙarfin ɗakin, kafaɗa na gugar kafaɗa. Duk sun sunkuyar da kai kan faranti. Ba mai tauna. Ba mai motsi. A bakin murhu wata mata na tsaye ta ba su baya, da ƙyallen girki a ƙugunta.

Kujera ɗaya ce babu kowa a kai. An ɗan jawo ta baya.

"Mama," in ji tsohon, da wata siririyar murya da Glenda ba ta taɓa ji ba. "Na daɗe ko? Ga 'yata nan. Glenda."

"Glenda," in ji muryar, kamar mai ɗanɗana sunan. "Kin gaji, 'yar nan. Shigo ki huta. Za a samo miki kujera."

Ɗumi ya fito ta ƙofar ya lulluɓe ta. Ciwon bayan da ta shekara biyar da shi ya ɗauke. Kafaɗunta suka saki. Ta ji ba abin da take so a duniya kamar ta zauna, sau ɗaya dai, wani ya zuba mata shayi.

Ta ɗaga ƙafa.

Sai ta ga hucin bakinta yana fita fari-fari. Na babanta ma haka. Ta dubi teburin. Mutum fiye da ashirin, ba mai huci ko ɗaya.

Ta dubi ƙasa. Ƙaya ta tsiro ta tsakiyar ɗakin, ta ratsa ta cikin ƙafafunsu ta wuce.

Cyril ya sa ƙafa ɗaya a ciki.

Matar ta miƙo hannu. Ba ta juyo ba. Hannun ne ya taho ta baya, ya tsallake teburin gaba ɗaya, yana ƙara tsawo, har ya kama wuyan hannunsa.

Kawunan da ke kan tebur suka fara ɗagowa. A tare.

Abin da ya zo wa Glenda ba addu'a ba ce. Haushi ne, na shekara goma sha ɗaya, ya taso mata gaba ɗaya. Ta rungume shi ta ƙugu.

"Ba ka isa ba, Baba! Ni na yi maka wanka, ni na kwana a kujerar asibiti. Ina suke lokacin? Yanzu ka shige ka bar ni tsaye a titi? Ba inda za ka!"

Ta ja. Kamar ta ja bango.

"Sake shi," in ji muryar. Taushin ya tafi. Daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa. "Namu ne."

"Ƙarya kike! Ki nemo naki!"

Sanyi ya bi ta jikinsa ya shiga hannayenta. Yatsunta suka fara mutuwa. Takalminta na zamewa, taku ɗaya, taku biyu, zuwa bakin ƙofar.

Can saman tudu oda ta tashi. Doguwa.

Tsohon ya zabura. Ya dubi hannun da ke riƙe da shi. Ya bi tsawonsa da ido har zuwa bakin murhu.

"A'a," ya ce. "A'a."

Suka faɗi da baya kan titi.

Ba ta tsaya duba komai ba. Ƙafafunsa sun koma na ɗan tamanin da shida. Ta saɓa hannunsa a wuyanta, tana jansa, takalmansa na karce kwalta.

A bayansu kujeru suka yi ƙara. Duka, lokaci guda.

Fitilun tagogi na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, duhun na biyo su.

Ta tura babanta cikin mota. Makulli ya kuɓuce. Ta lalubo. Wani abu ya dafa gilashin baya, a hankali, kamar mai sallama.

Motar ta tashi.

A bakin shinge Hallett ya haska su da tocila, ya dubi fuskar Glenda, ya dubi tsohon. Bai tambayi komai ba. Ya garƙame ƙyauren, ya ce, "Ku bi ni a baya har babban titi. Kada ki tsaya wa kowa."

Kwana tara Cyril ya yi da zazzaɓi. Shatin yatsu a wuyan hannunsa bai goge ba, fari fat, kuma wurin ba ya ɗumi ko an sa ruwan zafi. Likita ya ce sanyi ne ya ci fatar.

Da ya tashi, bai ƙara ambaton Pennicot ba. Ya ci abin da aka ba shi, ya kalli taga. Glenda ta ɗauka za ta ji daɗi. Sai ga shi shirun ya fi surutun cin rai.

Wata ranar Lahadi, tana wanke-wanke da safe, ta kasa daurewa.

"Baba, in haushina kake ji ka faɗa. Na san na raba ka da mahaifiyarka."

Ya daɗe yana juya kofinsa.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Mama ba ta son Pennicot. Bango na tsatsar ruwa, ƙanwata ta mutu da tari a ɗakin nan. Ranar da aka kwashe mu kowa na kuka, ita kaɗai take dariya a bayan mota. Da aka ba mu gida mai famfo sai da ta yi rawa. Ban taɓa rubuta wannan ba. Ko za a dawo da ita duniya, ba can za ta je ba."

Glenda ta kashe famfo. "To wa muka gani?"

"Ban sani ba. Ko mene ne, ya daɗe yana jirana, ya san sunana." Ya ɗago, idanunsa sun cika da hawaye. "Ki yafe mini, 'yata. Da bakina na gaya masa naki."