Saksafon na Uku

An idar da sallar isha, ba wuta a unguwa. Yaya Lantana, ɗiyar wan babanmu, ta tara mu a kan tabarmarta, ta rage murya.

Ta ce, "Labarin Kawu Sallau zan ba ku. Amma kada wanda ya tambaye shi gobe."

Kawu Sallau ɗan badujala ne, shekara ashirin yana busa wa 'yan sanda a fareti. Da ya yi ritaya sai ya haɗa 'yan kiɗansa na biki a Jos. Abu ɗaya ya rasa, babban saksafon, abin busa na tagulla, irin wanda tsawonsa ya kai ƙugun mutum, mai kaurin murya kamar kukan bijimi. Ba ya son sabo. Ya ce tsohuwar tagulla ta fi zaƙin murya.

Wani makanike ya ce masa akwai wani tsoho a tsohon kulob ɗin Turawan kuza, can bayan Bukuru, yana da guda uku. Matarsa, Inna Laraba, ta ce ya jira a raka shi. Bai jira ba.

Da tsakar rana ya isa. Mota ta sauke shi a titi, ya bi 'yar hanya ta gefen kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Ruwan kore shar, ba ya motsi. Ko tsuntsu bai ji ba.

Kulob ɗin rabin rufinsa ya zube. A baranda wani tsoho na zaune, da farar kwat, hularsa ta rufe masa ido.

"Salamu alaikum, Baba."

Tsohon bai amsa sallamar ba. Ya ce, "Ka iso, Sallau. Shiga ka zaɓa."

Kawu bai faɗa masa sunansa ba. Ya ce a ransa ƙila makaniken ne.

A ciki, dab da ƙofar da tsohon ke zaune, akwai dogon teburi, akwatuna uku a buɗe. Kawu ya ɗauki na farko. Tagullar ta yi baƙi, bakinsa ya lotse ta gefe. Ya busa. Muryar na da daɗi, amma fatun da ke toshe ramukan sun bushe, iska na zurarewa.

"Wannan sai an yi masa aiki, Baba."

"Gwada na biyu."

Na biyu ruwan azurfa ne, da zanen furanni. Ya fi kyau, ya fi nauyi. Maɓallansa sun ƙage, sai ya danna da ƙarfi. Siririyar murya lafiya lau, mai kauri kuwa ta shaƙe.

"Ido ya ƙoshi, kunne bai ƙoshi ba," in ji Kawu.

"Gwada na uku."

Nan ya ɗan tsaya. Biyun farko ƙura ta rufe su. Wannan ko ɗigo. Ya taɓa shi, ya ji ɗumi, kamar yanzu wani ya ajiye. Wurin sa baki kuma a jiƙe yake.

"Wa ya busa shi yau?"

"Masu shi."

"Suna ina?"

"Busa mana."

Ya rataya igiyarsa a wuya, ya busa. Yaya Lantana ta ce Kawu ya rantse bai taɓa jin murya irin wannan ba. Sai da gilasan taga suka yi rawa. Yatsunsa na tafiya da kansu. Ya kama wata waƙa da ya tsara wa Inna Laraba tun suna saurayi da budurwa. Ya kai ƙarshenta, ya so ya ja numfashi.

Numfashi ya ƙi zuwa. Abin zuƙarsa yake yi.

Da ƙyar ya fizge bakinsa. Amma busar ba ta tsaya ba. Saksafon na rataye a ƙirjinsa, ba baki a kai, yana ci gaba da waƙar.

"Ya karɓe ka," in ji tsohon.

A nan Kawu ya lura. Leɓen tsohon bai motsa ba. Ƙirjinsa ba ya hawa, ba ya sauka. Maganar daga cikin bakin saksafon take fitowa, dab da cikin Kawu.

"Na farko zan ɗauka, Baba. Mai lotsawar."

"Wannan ne naka."

"Ban taya ba."

"Ka busa. Busa ita ce tayi."

Tsohon ya miƙe. Takunsa ba ƙara. Kawu ya kai hannu zai cire igiyar daga wuyansa, ta ƙara matsewa. Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu, ba iskar da zai furta ta. Sai ya karanta a zuci, ya zaro 'yar wuƙar da yake gyara karan busa da ita, ya yanke igiyar.

Saksafon ya faɗi a siminti. Ƙarar ba ta ƙarfe ba ce. Nishi ne, na mutane da yawa.

Ya fita da gudu bai waiwaya ba. A bakin titi masu noman rani suka tsince shi a sume.

Ya warke, amma bai sake busa ba. Ko ashana ya hura ba ta mutuwa. Likitoci sun duba huhunsa, sun ce lafiya lau.

Bayan shekara biyu Inna Laraba ta bi wasu mata sarin tumatir a lambunan wajen. Rana ta take, suna cika kwanduna, sai ta ji busa daga wajen kulob ɗin. Ta ajiye kwandon. Masu lambu suka ce ta ƙyale, kullum haka ne war haka.

Inna Laraba ta ce, "Waƙata ce. Har inda yake ɗan tsayawa ya ja numfashi."

Yaya Lantana ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Hanyar kududdufan nan ba a bin ta mutum ɗaya, ko da rana tsaka. Kuma duk abin da kuka tarar da ɗumi alhali ba kowa a wurin, kada ku kai shi baki. Ku tashi, kowa ya yi addu'a kafin ya kwanta."