Dutsen Da Aka Wanke

Aikin mai gidan shi ne auna dutse. Ana ciro guntaye masu ƙananan ramuka daga ƙasan rijiyar man fetur, shi kuma ya jiƙa su a ruwan gishiri, ya jiƙa su a mai, ya ga tsakanin ruwan da man wanne dutsen ya fi sha. Wani guntu mai tsawon yatsa ya hana shi sakat. Ya wanke shi da magani, ya gasa, ya jiƙa, amma awon yau daban, na jiya daban. Shi kaɗai aka samo daga wannan zurfin, ga shugabansa na jiran amsa. Haushi ya sa ya taho da shi gida, ya tsoma a kofi bakin taga.

Da magariba gidan ya yi tsit. Sai tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Wata ta biyo. Matarsa ta leƙa, ba kowa. Da ta juyo, ta tarar da 'yarsu tsugune gaban kofin, gumi na zubo mata, baƙi, mai yauƙi.

Kwanaki yarinyar ba ci ba sha. Asibiti suka ce lafiyarta ƙalau. Mai gidan ya yi tsaki har ya gaji, sannan ya bari surukinsa ya kawo malami.

Malamin ya zauna ya yi ta karatu. Can yarinyar ta buɗe baki da muryar tsoho. Aljani ne. Ya ce dutsen nan bangon ɗakinsa ne, an fasa, an ƙona, an nutsar da shi. A mayar da shi inda aka ciro.

Malamin ya ce ramin rijiyar an toshe shi da siminti. Aka ja, aka ja, har aljanin ya yarda a binne dutsen ƙasa mai zurfi, kada hannu ya ƙara taɓa shi.

Mai gidan ya dubi kofin, ya dubi 'yarsa. Aikinsa ke nan zai shiga rami. Ya miƙa wa malamin kofin.

"Bawan Allah, kafin ka tafi," ya ce wa aljanin, "dutsen nan, mai yake sha ko ruwa?"

Yarinyar ta yi dariya, busasshiya.

"A da na sani. Kai ka wanke masa halinsa."

Ta yi atishawa, ta faɗi. Da ta farka ta ce, "Baba, ƙishirwa."

Ya tashi ya nemo wani kofin.