Izinin da Aka Hana Keziah

Da Keziah ta san abin da ke jiranta a ranar Litinin ɗin nan, da ba ta hau mashin daga Dabai ba. Marainiya ce, mahaifinta soja ya rasu a bakin daga, da aikin buga takardu a ofishin kwamitin rabon taki a Zuru take riƙe mahaifiyarta Saloma.

Tana shiga ta tarar da shugaban kwamitin, Honarabul Arzika, da 'yan sanda biyu. Manoma sun kai ƙara an karkatar da takinsu gidajen 'yan siyasa, masu bincike suna hanya, sai ga shi jerin sunayen waɗanda aka ba takin ya ɓace daga kwamfuta!

"Ita ce!" in ji Arzika. "Ke, wa ya sa ki?"

"Ranka ya daɗe, ka ji tsoron Allah... ni da kake kira ɗiyarka?"

"Ɗiyar wa? Ku tafi da ita!"

Kwana uku tana tsare. A kasuwa aka daina sayen kunun Saloma, a coci aka cire Keziah daga mawaƙa. Wayyo, ɗiyar mutane! Saloma ta durƙusa a ƙofar caji ofis tana hawaye: "Ya Ubangiji, ka ɗauki mijina ban yi gardama ba... kada ka bar sunan yarinyar nan ya lalace!"

Rana ta huɗu Injiniya Prosper, ɗaya daga cikin masu binciken, ya zauna gaban kwamfutar.

"Honarabul, ranar Lahadi da safe an shiga da sunan Keziah da lambar sirrinta, an gwada goge jerin sunayen sau bakwai, na'ura ta ƙi. Izinin rubutu kawai take da shi. Daga nan aka shiga da naka sunan, aka goge."

"Ai... na'ura tana kuskure."

"To wa ya hana ta izinin gogewa? Ga sa hannunka. Ka rubuta wai 'yar ƙauye ce, kada ta yi ɓarna."

Prosper ya dawo da jerin sunayen kaf. Aka tuɓe Honarabul, aka miƙa shi kotu, manoma suka karɓi takinsu kafin shuka ta wuce.

Da aka saki Keziah, Saloma ta rungume ta suna kuka. "Mama, rainin da ya yi mini shi ya cece ni!"

"Allah ne, ɗiyata. Mun gode, mun gode!"

Ta koma aikinta da mutuncinta, Allah ya tsare mana 'ya'yanmu. Amma har yau ba a san wanda ya ba Arzika lambar sirrinta ba.