Shafin da Aka Hana Sabuntawa

Dutsen farko ya faɗo ana cikin kiran sallar magariba. Mai Walda yana tsugune a bakin famfo yana alwala, bai ko ɗago kai ba, ya ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya fasa bokitin da ke gabansa. Na uku kuwa daga cikin falo ya fito, ta ƙofar da labulenta ko motsi bai yi ba, ya same shi a ƙwauri. Ya tsaya cak da ruwa a hannu, don ya san abin da ke ajiye a falon.

Kwamfutar 'yarsa Auta ce a kan tebur, a buɗe, a jone da caji.

Ga yadda abin ya faro. Babban ɗansu, Dogo, yana aikin gini a wani gari mai nisa. Katanga ta rufta a wurin aikin, ma'aikaci guda ya rasu, kamfanin ya saka sanarwa a shafinsa na intanet har da suna. Sunan Dogo ne. A ranar aka sallamo Umma, uwar yaran, daga asibiti da ciwon zuciya, likita yana ta jan kunne kada a gaya mata abin da zai firgita ta. Sai ga shi ta ji ƙishin-ƙishin a bakin masu zuwa dubiya cewa an yi hatsari, ta kafe sai an nuna mata da idonta.

Mai Walda ne ya ja Auta gefe. Yarinyar tana koyon gina shafukan intanet, ta taɓa nuna masa wani wasa: a danna maɓalli, wata taga ta buɗe a gefen shafi cike da ƙananan rubuce-rubuce, ƙashin bayan shafin ke nan. Abin da ka goge a can sai ya ɓace a shafin, abin da ka rubuta ya hau ya zauna daram.

"Baba, a kwamfutata kaɗai zai canza," ta ce tana kuka. "Da an sabunta shafin, komai zai koma yadda yake."

"To kada a sabunta."

Ta goge sunan yayanta. Wurin ya zauna fayau, dole a sa wani abu, sai ta rubuta sunan da ya fara faɗo mata a rai, wani baƙon suna da ba ta taɓa ji ba. Umma ta karanta, ta yi wa mamacin addu'a, ta yi barci. Tun daga nan ba a kashe kwamfutar ba. In an ɗauke wuta, Mai Walda ya tayar da injin shagonsa. Kullum da yamma Umma takan jawo ƙafa ta sake duba shafin, ta yi mitar yaron nan bai kira ba. Shi kuwa a shago yake kukansa, a bayan gilashin walda.

Jifan ya dawo washegari, ya sake dawowa a rana ta uku, kullum da faɗuwar rana. Gilasan taga suka ƙare. Wata murya ta riƙa nishi daga ƙarƙashin simintin falo, irin nishin wanda kaya ya danne. A rana ta gaba Auta tana wanke-wanke ta saki faranti, ta miƙe a sandare, ta nufi bango ta fara buga goshinta. Uban ya rungumo ta ta baya. Yarinyar da ba ta iya ɗaga jarkar ruwa ta cira shi sama ta maka da ƙofar ƙarfen da ya ƙera da hannunsa, har ya ji haƙarƙarinsa ya ce ƙas. Sannan ta sa yatsun hannunta na dama a baki ta gartsa, jini ya biyo gwiwar hannu.

Maƙwabta huɗu ne suka danne ta kafin a ɗauko Malam, mai ruƙiyyar unguwar.

Malam tsoho ne siriri, mai tarin da ba ya jin magani. Ya cire takalmi, ya zauna daf da kanta, ya fara karatu a kunnenta a hankali kamar mai lallashin jariri. Gidan ya yi tsit. Duhu yana shigowa ta tagogin da ba gilashi, ba wani haske sai na kwamfutar. Can Auta ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, a dushe.

"Daina ƙona ni. Ba ni na fara ba."

"Wace ce ke?" in ji Malam. "Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Sunan ɗana ta rubuta a gurbin mamaci. Tana rubutawa gini ya rufta masa a can wajenmu, duniyar aljanu. Yana ƙarƙashi har yanzu, bai mutu ba, bai fita ba. Ku kuna jin nishinsa da yamma, ni kuwa ba dare ba rana."

Malam ya juyo ya dubi Mai Walda. Mai Walda ya sunkuyar da kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ya sani, sai dai bai taɓa zaton a kan ɗan wata zai rufta ba.

"Me kike so?"

"Yatsun da suka rubuta."

"Ba za ki samu ba." Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Auta ya banƙare, wani dutse ya tsaga rufin ya fashe a tsakiyar falo, ɗaya daga masu riƙon ya saki ya yi waje dafe da kunne. Tsohuwar ta yi ta ihu har muryar ta karye.

"Na bar yatsun! A cire sunan ɗana!"

Mai Walda ya rarrafa wajen tebur. "Yanzun nan zan kashe kwamfutar, komai ya goge."

"Kai ba ruwanka," in ji muryar. "Wadda aka yi wa rubutun, ita ta karanta shi ta gaskata, har ta yi wa ɗana addu'ar matattu yana da rai. Ita za ta janye. Ta danna da hannunta, ta karanta da idonta."

"Malam, labarin zai kashe matata," in ji Mai Walda. "Wallahi zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

Malam ƙofar ɗaki yake kallo. Umma ce tsaye a wurin, dafe da bango. An kulle ta a ɗaki don kada ta ga halin da 'yarta ke ciki, ashe jifan ya ɓalle sakatar. Ta dubi jinin da ke goshin Auta, ta dubi mijinta.

"Ina ne ake dannawa?"

"Maman Dogo, don Allah ki zauna tukuna."

"Na ce ina ne."

Ya nuna mata ɗan zagayen da ke saman shafin. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ya so ya riƙe hannunta, ya kasa. Ta danna. Shafin ya yi fari, ya dawo. Ta matso da fuskarta, leɓɓanta suna motsi, ta bi harafi bayan harafi kamar yadda ta saba. Ta daɗe a kan sunan. Nishin da ke ƙarƙashin siminti ya ɗauke.

Ba ta faɗi ba. Ta juya ta durƙusa a gaban Auta, ta yi magana da wadda ke cikinta.

"Naki ya fito?"

"Ya fito," in ji muryar, a sanyaye. "Allah ya ba ki haƙurin naki."

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki, ta fara kuka da muryarta ta yarinya. Maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya. Malam ya nemi takalminsa.

Umma ta yage bakin mayafinta ta ɗaure yatsun 'yarta, ta goge mata goshi. Sai da ta gama tsaf ta ɗago. Mai Walda ya shirya wa zagi, ya shirya wa tsinuwa, da ma ta ɗauki dutsen nan ta kwaɗa masa da ya fi masa sauƙi.

"Baban Auta," ta ce, "wa ya yi masa wanka?"

Bai sani ba. Yana can yana gadin kwamfuta, bai je ba, bai kuma tambaya ba.